Akori-Kurar Gado

A wani gari da ke kan hanyar Zariya zuwa Funtuwa akwai wani gida mai zaure biyu, a gefensa kuwa akwai bishiyar darbejiya, wadda a ƙarƙashinta wata tsohuwar mota ta yi shekara tara a tsaye ba ta motsa ba. Tayoyinta sun sace har sun nutse cikin ƙasa, tsatsa ta cinye gindin ƙofofinta, kaji sun mai da mazaunin direba akurki, yaran unguwa kuma sun mai da bayanta dandalin wasa. Duk wanda ya wuce ya dube ta, abin da yakan ce shi ne, wannan kam sai dai 'yan gwangwan. Mutum ɗaya ne kawai a gidan bai yarda da wannan hukunci ba, watau ƙaramin ɗan mai motar, wanda kowa ke kira Auta.

Motar dai ita ce irin wadda Hausawa suka laƙaba wa suna akori-kura. Sunan yana daga cikin harɗaɗɗun sunayen nan da aka gina daga jimla sukutum, kamar a-ci-balbal. Kurar da ake nufi kuwa ba ta dawa ba ce, babban amalanken nan ne da ƙarti kan tura, suna kai kaya daga tasha zuwa kasuwa. Da ƙaramar mota mai buɗaɗɗen baya ta shigo, ta riƙa kwashe a sawu ɗaya abin da 'yan kura kan wuni suna dako, sai jama'a suka ba ta sunan da ya bayyana aikinta. Ta wannan gida ƙirar Peugeot 404 ce. Kamfanin ya fara fito da 404 a Faransa cikin 1960, mai buɗaɗɗen bayan kuma ta biyo baya a 1967. Bayan da aka buɗe masana'antar harhaɗa motocin Peugeot a Kakuri ta Kaduna cikin 1975, sai Fijo ta zama ruwan dare a ƙasar nan, har ya kasance da wuya a sami garin da babu bakaniken da ya san cikinta kamar yunwar cikinsa.

Alhaji, mahaifin Auta, ya sayi tasa sabuwa ful a 1978, da kuɗin auduga da na wasu shanu da ya sayar. Ya sa aka yi mata rumfar tamfol, aka kuma rubuta a goshinta, "Sannu ba ta hana zuwa." Fiye da shekara talatin yana bin kasuwannin ƙauye da ita, ya ɗauko masara da dawa daga Dandume, ya ɗauko rake daga Maƙarfi, ran da babu kasuwa kuma ta kai amarya, ko ta kai mai naƙuda asibiti cikin dare. Da abin da ta samo aka ciyar da gidan, aka aurar da 'yan mata, aka biya wa yara kuɗin makaranta. Sa'ad da tsufa ya kama Alhaji, idonsa ya fara rauni, sai kuma injin ya buga a kan hanya. Aka jawo ta aka ajiye a gindin darbejiya da niyyar a gyara bayan kaka. Kaka ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, har Allah ya yi wa Alhaji rasuwa motar tana nan inda aka ajiye ta.

Ranar rabon gado ne maganarta ta tashi. Babban wansu, wanda ke da shago a Zariya, ya riga ya yi magana da masu sayen tsofaffin ƙarafa, sun zo sun taya, suna jiran a sallama su kawo abin yanka su daddatsa ta. Auta ya gyara zama ya ce, "Yaya, in an yarda, a yi mata kuɗi a sa ta cikin rabona." Wan ya dube shi ya ce, "Auta, kana cikin hankalinka kuwa? In ka ɗauki wannan gwangwani, to, ka san rabonka na fadama zai ragu. Ƙasa ba ta tsatsa, ƙarfe kuwa yana yi." Auta ya sunkuyar da kai ya ce ya ji, ya kuma gani. Mahaifiyarsu tana daga bayan labule ba ta ce uffan ba, sai da aka watse ta kira shi ta ce, "Tun da ka ɗauka, kada ka bar ta ta sake kwana tara a nan, balle shekara tara." Haka Auta ya fita daga rabon gado da guntuwar gona da motar da ba ta tashi, ga mata da 'ya'ya biyu suna duban hannunsa.

Wahalar farko da ya ci karo da ita ba ta kuɗi ba ce, ta mai gyara ce. Samarin makanikai na bakin titi sun ƙware a kan motocin Japan da ake shigowa da su ta Kwatano, waɗanda akan jona wa na'ura ta faɗi ciwonsu. Da suka leƙa injin akori-kura suka ga kafireta da kwantak, sai suka yi dariya, wani ma ya ba shi shawarar a cire injin ɗungum a dasa na wata mota. Daga ƙarshe aka kwatanta masa wani dattijo a bayan tsohuwar tasha, wanda ya yi zamani yana gyaran Fijo, amma yanzu ya koma gyaran injin ban-ruwa saboda rashin masu kawo aiki. Dattijon ya zo ya zagaya motar sau biyu, ya durƙusa ya ƙwanƙwasa ƙashin bayanta da sifana, ya saurara, sa'an nan ya miƙe ya ce, "Yaro, fatar ce ta lalace, ƙashin yana nan. Amma da sharaɗi. Ba zan gyara maka kana zaune a inuwa ba. Kai za ka kwance, ni in nuna." Auta ya ce, "Na yarda, Baba."

Suka fara da injin, wanda fistin ɗinsa suka kafe saboda daɗewa. Dattijon bai yarda a sa ƙarfi ba. Ya sa aka cire fulogi huɗun, aka ɗura kananzir da baƙin mai a ramukan, aka bar shi kwana bakwai, kullum da safe Auta ya zo ya ɗan gwada juya shi da hannu. A rana ta takwas ya motsa. Da suka sauke shi suka buɗe, sai dattijon ya nuna masa abin da ya sa wannan inji mai silinda 4, lita 1.6, ya yi ƙarko a ƙasashen Afirka. Kowane rami da fistin ke kai da komowa a ciki yana da rigarsa ta ƙarfe wadda ake zarewa. In ta cinye, ba sai an kai gangar injin an rarake ta ba, sai dai a zare tsohuwar a zura sabuwa tare da sabon fistin da ringi, inji ya koma kamar jiya aka yi shi. Ya ce masa, "Waɗanda suka ƙera wannan sun san za ta tsufa, shi ya sa suka bar wa mai gyara ƙofa."

Bayan inji sai sauran jiki. Mota in ta daɗe a tsaye, duk abin da yake na roba a jikinta yakan bushe ya tsattsage, man da ya kwana a tanki kuma yakan zama kamar ƙaro ya toshe hanyoyinsa. Saboda haka aka sauke tanki aka wanke, aka warware kafireta aka jiƙa, aka bi ƙananan ramukanta ɗaya bayan ɗaya aka hure. Aka kai lagireto aka fasa aka goge, aka sake robobin birki gaba da baya, domin dattijon ya ce motar da ba ta tashi ba ta kashe kowa, wadda ba ta tsayawa ita ce abin tsoro. Mai walda ya yanke ruɓaɓɓen daɓen da ke ƙarƙashin ƙafar direba ya liƙa sabon faranti. Sifirin na baya, waɗanda ke ɗauke da nauyin lodi, an kwance su falle-falle, aka kankare tsatsa, aka shafa giris, aka musanya biyu da suka karye. Wayoyin wuta kuwa ɓeraye sun riga sun gama da su, sai da aka sake jan su gaba ɗaya.

Neman kayan gyara shi ne ya fi cin rai. Abin da a da ake samu a kowane shago, yanzu sai an tafi Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, an kutsa lungu-lungu ana tambaya, kafin a dace da wani dattijon ɗan kasuwa da zai shiga ƙuryar rumfa ya fito da abu cikin kwali mai ƙura. Sau ɗaya Auta ya yi gaban kansa, ya sayo gasket a wani wuri saboda araha. Ba a yi mako biyu da ɗaurawa ba ruwa ya haɗu da baƙin mai, dole aka sake buɗe kan injin. Dattijon bai yi masa faɗa ba, abin da ya ce kawai shi ne, "Araha ba ta ado." Aikin da aka yi zaton na wata uku ne sai da ya ci wata goma sha huɗu, ya ci amfanin gonar shekara guda, ya haɗa da raguna biyu na matar Auta, waɗanda ta bayar da bakin rance.

Ranar da za a tayar da ita, rabin unguwa sun taru. Batir bai da ƙarfi, saboda haka samari suka tura, Auta yana riƙe da sitiyari, ya jawo giyar da ke jikin wuyan sitiyarin ya sa ta biyu, ya saki kuloci. Ta yi tari sau biyu ta mutu. Dattijon ya buɗe bonet, ya ɗan murɗa wani abu, ya ce a sake. A turi na uku ta kama, hayaƙi ya turnuƙe gindin darbejiya, yara suka ɗauki sowa. Mahaifiyarsu, wadda ba ta fito ba, ta ce daga cikin ɗaki ta gane muryar, don shekara talatin da wannan ƙara take sanin maigida ya dawo, ta tashi ta ɗora ruwa. Daga baya aka yi mata fenti, aka kira mai rubutun allo ya maido da kalmomin goshinta yadda suke.

To, amma tayar da tsohuwar mota abu ne guda, riƙe ta kuma wani abu ne dabam. Dattijon ya kafa wa Auta dokoki. A makonnin farko ba gudu, ba lodi mai nauyi, sai sababbin ringi sun zauna, sa'an nan a juye baƙin mai da wuri, a sake ɗaure kusoshin kan inji. Kullum da asuba, kafin a murɗa makulli, a duba ruwa, a duba mai, a leƙa ƙasa ko wani abu ya ɗiga cikin dare. Lokacin hunturu a riƙa kakkaɓe matatar iska, don ƙurar da ta shiga inji tamkar yashi ce a cikin ido. Kada a rabu da fanbel da kwantak da fulogi na ko-ta-kwana a ƙarƙashin kujera. Uwa-uba, kada kwaɗayin kuɗin buhu biyu ya sa a ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta, domin lodin wuce kima shi ya kashe yawancin 'yan'uwanta.

In aka zo ga lissafi, ba za a ce Yaya ya yi kuskure ɗungum ba. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, abin da kan rage bayan an zuba mai ya ƙanƙance, ga shi kuwa inji mai kafireta ba ya wasa da mai. Akwai makon da motar kan ci abin da ta samo. Duk da haka tana fita kasuwa uku a mako, ta biya ragunan da aka ranta, tana kuma ciyar da gida kamar yadda ta ciyar da na farko. Yaya da kansa, da zai kwaso masararsa daga ƙauye, ita ya aika a kira, ya kuma biya kuɗin mota bai nemi ragi ba.

Sai dai akwai abin da wannan aiki ya tono wanda ya fi lissafin riba nauyi. A ƙasashen Turai masu sha'awa kan gyara irin waɗannan motoci su adana, su fito da su ranar baje koli, ga littattafan gyara a jere a kan kanta. A nan kuwa littafin yana cikin kan mutane ne, irin dattijon bayan tasha, waɗanda suka koya da ido da kunne a gaban iyayen gidansu, ba su kuma rubuta ko layi guda ba. Ƙarfen akori-kura yana iya jiran shekara tara a gindin bishiya, amma masu wannan sani ba su da shekarun jira. Duk wanda ya kwanta dama a cikinsu, yakan tafi da abin da ya sani, har da kalmomin sana'ar da Hausa ta ara ta sarrafa, irin su lagireto da kafireta da totur, waɗanda wasunsu sun fara zama baƙi a bakin yaran gareji. Wannan ne dalilin sharaɗin da dattijon ya kafa tun ranar farko, ko da yake Auta bai gane ba sai daga baya.

Yanzu jin dattijon ya yi rauni, hannunsa kuma yana rawa. Duk ranar Juma'a da hantsi Auta yakan kai masa motar, ya bar injin yana aiki. Dattijon yakan ɗauko doguwar sukudireba ya kafa bakinta a jikin inji, kamar yadda ya saba, amma maimakon ya kai kunnensa ga ƙotar, sai ya miƙa wa Auta ya ce, "Me ka ji?" Wani lokaci Auta ya faɗa daidai, wani lokaci ya kuskure, a sake. Ɗan Auta na fari, mai shekara tara, yakan tsaya kusa da su riƙe da kwanon kusoshi, yana jiran a ce ya miƙo sifana mai lamba goma sha uku.