Autarmu Da Rubutun Gem

Idan kin taɓa riƙe aji a Islamiyya, kin san akwai durowar da ake ajiye wayoyin da aka ƙwace. Tawa ba ta rabo da biyu ko uku, kuma laifin kusan kullum ɗaya ne: ana biya hadda, yaro ya dunƙule a bayan ɗan uwansa yana buga gem. To ki ƙiyasta yadda na ji ranar da Baba ya aika aka kira ni, ya ce wai autarmu, wadda ta karanci Turanci a jami'a har ta gama bautar ƙasa, ta ce ita sana'ar da take so ita ce rubuta labarin gem. Har ta samu gurbin koyon aiki na wata 6 a wani ƙaramin kamfani a Legas, za ta zauna gidan Gwaggonmu a Agege.

"Ke ce malama," in ji Baba. "Ki bincika min. In shirme ne ki ce min shirme ne, in da haram a ciki kin fi ni sani. Na ba ki mako biyu."

Ba zan ɓoye miki ba, na fito daga ɗakin da hukuncina a aljihu. Ni a sanina gem harbe-harbe ne da tseren mota da ƙwallo, ina labari yake balle a ce ana rubuta shi?

Auta ba ta yi musu da ni ba. Wayarta kawai ta miƙo min, ta ce, "Yaya, karanta wannan." Wani ɗan labari ne da ta rubuta da Hausa, na yarinyar da aka aika kasuwa da kuɗin cefane, ga hadari ya taso, ga wata tsohuwa ta zubar da kayanta a bakin titi. Ina kaiwa ƙarshen shafin sai na ga tambaya: za ki tsaya ki taya ta kwashewa, ko za ki wuce? Na zaɓi tsayawa, ai malama ce ni. Sai ruwa ya kece, kasuwa ta watse, na koma gida hannu rabbana, ga faɗan uwa yana jirana. Wallahi sai da na ji zafin faɗan nan, domin kuwa ni na jawo wa kaina. Na koma farko na zaɓi wucewa, nan ma ban sha ba. Sau biyar na karanta.

Da wata manhaja ta kyauta mai suna Twine ta haɗa shi, wadda wani Ba'amurke, Chris Klimas, ya fitar a 2009, kuma ba sai mutum ya iya rubuta umarnin kwamfuta ba kafin ya fara da ita. Na ce ta koya min, don ba na son in yanke hukunci a kan abin da ban taɓa ba. A daren farko na gane inda gizo yake saƙar. A kwaleji an koya mana rubuta tsarin darasi, ki hango tambayar da ɗalibi zai yi ki tanadi amsa. Wannan ma haka yake, sai dai ɗalibin nan shi ke riƙe da alli. Duk inda kika ba shi zaɓi biyu, kin ɗora wa kanki rubutu biyu. In kika yi haka sau 10 a jere ba tare da hanyoyin sun sake haɗuwa ba, lissafi ya ce kina da ƙarshe 1,024 da za ki rubuta. Shi ya sa gwanayen abin suke karkato da hanyoyin su dawo su haɗu, amma su bar wata alama da za ta sa mai wasa ya ji an tuna da abin da ya zaɓa. Tsohuwar nan ta sake ɓullowa a gaba, ko ta gaishe ki, ko ta kau da kai.

Auta ta nuna min aikin manya. Akwai 80 Days na 2014, wanda wata mace, Meg Jayanth, ta jagoranci rubuta shi bisa tsohon littafin Bafaranshen nan Jules Verne, kalmominsa sun haura 500,000, kuma ba mai ganinsu duka a zama ɗaya. Akwai Never Alone, shi ma na 2014, da aka gina kan tatsuniyar mutanen Inupiat na Alaska tare da dattawansu. A nan kusa da mu, kamfanin Kiro'o Games na Yawunde a Kamaru ya fitar da Aurion a 2016. Na Alaskan nan ya tsaya min a rai, don na tuna rabon da in ji an ce "ga ta nan ga ta nanku" a gidanmu tun rasuwar kakarmu.

Amma fa ba duka ke da daɗin ji ba, kuma na yi wa Baba alkawarin gaskiya. Mai koyo ba da babban labari yake farawa ba. 'Yan guntayen maganganu ake ba shi, irin abin da mai gadi zai ce idan an wuce ta gabansa, kala 20 don kada ya riƙa maimaita ɗaya, da bayanin takobi ko jaka, duk a cikin jadawali kamar na sakamakon jarrabawa. Marubuci kuma ba shi ne mai gida ba. Idan masu tsara wasan suka cire wani gari don kuɗi ya gaza, duk abin da kika rubuta a kansa ya bi ruwa. Guraben aikin kaɗan ne, yawancinsu kwantiragi, kuma a 2023 da 2024 manyan kamfanonin gem na duniya sun sallami dubban ma'aikata. Ga kuma manhajojin da ke rubutu da kansu, waɗanda wasu kamfanoni ke gwadawa a kan ainihin guntayen maganganun nan da mai koyo ke fara cin abinci da su.

Sai abin da ya fi damuna. Wasu gem ɗin suna sayar da akwatin da ba ka san abin da ke ciki ba sai ka biya ka buɗe. Wannan ko ba a tambayi malami ba an san ƙanwar caca ce, hukumar kula da caca ta Beljiyam ma haka ta yanke a 2018. Na tambayi Auta, idan aka ce ki rubuta kalaman da za su ja yaro ya sayi akwatin nan fa? Ta yi shiru, sannan ta ce za ta ajiye aikin. Na ce faɗa da baki ba wuya, ranar da kuɗin mota ya ƙare miki a Legas za a gani. Ta ji haushi, kwana biyu ba ta kira ni ba.

Da mako biyun ya cika na je na durƙusa gaban Baba. Na ce ba shirme ba ne, aiki ne mai wuya, kuma asalinsa ban ga haram a ciki ba, sai abin da mutum ya yarda ya rubuta. Na ce amma ba zan iya rantse masa cewa zai ciyar da ita ba. Shawarata ita ce a bar ta ta je wata shidan, da sharaɗin in ta dawo ta karɓi koyarwar da aka yi mata tayi, ta riƙa rubutunta da dare har a ga abin da hali zai yi.

Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya gyara tabarau ya ce a ba shi labarin yarinyar ya gani da idonsa. Da na tashi tafiya yana nan a wurin tsohuwar, yatsansa a saman wayar, yana tambayar Auta ko nawa ne kuɗin cefanen da aka ba yarinyar.