Baruna da Igiyarsa

'Yan makaranta, in kun duba taswira za ku ga teku ta kewaye ƙasar Indiya ta fuska uku. Masu addinin Hindu na can suna da wani abin bauta, Baruna, wanda su ke cewa shi ne sarkin ruwa. Su kan zana shi bisa wata dabba mai kama da kada, riƙe da igiyar zarge.

Igiyan nan ita ta tsaya mana a rai, mu malamanku. Me sarkin ruwa zai yi da zarge? A cikin Rigbeda, littafin waƙoƙinsu wanda ya kai shekara 3000, shi ne mai tsaron gaskiya. Wai idanunsa dubu, maƙaryata ya ke ɗaurewa. Wani littafin nasu kuma ya ce Sarki Harishcandara ya yi masa alkawarin ɗansa, ya yi ta ɗagawa, sai cikinsa ya kumbura da ruwa.

Ashe mutanen da ke nesa da mu haka su ma sun san alkawari kaya ne. Gobe ku za a danƙa wa amanar jama'a, inda ba malamin da zai duba ku. To, ku riƙe.