Raƙuman dawa na dutsen Dabus

Akwai wani tsoho makiyayi a ƙasar Dakoro. Yana yaro ya sha ganin raƙuman dawa a dajin Gadabeji suna cin ganyen ƙaya. Fari da maharba suka ƙare su. Shi ma farin 1984 ya share masa garke, aka bar shi da saniya uku.

Da tsufa ya kama shi, sai ya tashi zuwa Arlit ganin ɗansa, tare da jikansa ɗan lakwal. Bayan sun wuce Agadas da kamar kilomita 110, mota ta tsaya shan iska. Wani Ba'abzine da ke cikin motar ya ce masa: "Baba, zo ka ga dabbobin mutanen da." Wurin ana ce masa Dabus.

Tsoho ya hau dutse da ƙyar, jika na riƙe da shi. Can bisa sai ga raƙuman dawa biyu an sassaƙa su jikin dutse, namiji da mace. Babban ya fi mita 5, tsawon mutum uku ke nan. Masana sun ce aikin ya haura shekara 6000. A lokacin babu ƙarfe, da dutse aka sassaƙi dutse. Mutanen wurin sun daɗe da saninsu, amma sai a 1987 wani Bafaranshe mai bincike ya kai labarinsu duniya.

Tsoho bai kula da lissafin shekaru ba. Ƙafafu ya duba, da kunne, da zanen fata ɗaya bayan ɗaya. Ya ce wanda ya yi wannan ya daɗe yana kallon dabba, ba labari aka ba shi ba. Ya ga wani layi ya fito daga bakin kowane raƙumi ya sauko wurin wani ɗan ƙaramin mutum. Masana na ta gardama a kan layin nan. Shi kuwa ya ce igiya ce, kuma ba mai raba shi da wannan magana.

Sai aka nuna masa sauran duwatsun. Zane ya fi 800, ga jiminai, ga zaki, ga shanu birjik da ƙahoninsu. A nan ne ya yi shiru. Ya dubi gabas ya dubi yamma, ba tabki, ba ciyawar kirki. Ashe shanu sun taɓa ƙoshi a wannan wuri, da ruwa da itatuwa. Ashe ba shi ne farkon wanda ƙasa ta bushe wa ba.

Yana cikin haka sai ya ji ƙaras ƙaras. Jikan ne ya sami ƙusa, zai rubuta sunansa kusa da wuyan raƙumin. Yaro ya iya boko, yana son a sani. Dutsen kuwa mai taushi ne, ƙusa na cinsa, ko takalmi na goge shi, kuma abin da ya goge ba ya dawowa. Tsoho ya kama hannunsa ya ce: "Kai, ba a sa wa dabbar wani shaida."

A hanyar komawa yaron ya gaya masa abin da mushe ya karantar da su: a 2018 an ɗauko raƙuman dawa 8 daga Kure, kusa da Yamai, an sake su a Gadabeji. Tsoho ya ce in damina ta faɗi a kai shi ya gani da idonsa.