Alshajara: Kowa da Tabarsa

Alshajara unguwa ce a kudancin Khartum, a bakin Farin Nilu. Daga wata bishiya ta samo sunanta, wadda Turawa suka riƙa kira Bishiyar Gordon. Mu malaman makaranta mun sha tsayuwar jiran bas a tasharta, kafin yaƙin 2023 ya mai da barikin tankokin unguwar fagen fama. A wannan tsayuwa muka lura cewa taba ma tana tona asirin aljihu.

Babban ma'aikaci kwali guda yakan saya, na waje, ya ajiye a gaban mota. Kwandasta da ɗan dako kuwa Bringi ce tasu, kara ɗai-ɗai, a sha rabi a miƙa wa aboki. Mun taɓa yin lissafin a allo: mai sayen kara ya fi mai sayen kwali biyan tsada. A 2011 wani kamfanin Japan ya saye kamfanin Haggar mai yin Bringi a kan dala miliyan 450. Da irin waɗannan karare aka tara wannan daraja.

Amma tabar talaka ta ainihi ita ce tumbak. An fi noma ta a wajen Fashir, can Darfur. A daka ganyen, a kwaɓa da kanwa, a dunƙula, a cusa a leɓen ƙasa. Ba ashana, ba hayaƙi, ga araha, hannu kuma yana kan aiki. Shi ya sa masunta da masu buga bulo a bakin kogi, cikinsu har da 'yan'uwanmu Hausawa, ba sa rabuwa da ita. A hayin kogi, wato Omdurman, bulala ake yi wa mai taba a zamanin Mahadiyya, daga 1885 zuwa 1898. Mu kuwa har a aji mun kama yara da ita a baki, ba sau ɗaya ba.

Tun shekarun 1990 likitocin Sudan suka nuna cewa gubar da ke jawo ciwon daji a cikin tumbak ta ninka ta tabar baki ta Turai sau da yawa. Mai hali in ya ga gyambo a dasashi, sai Alƙahira. Masunci kuwa sai ya kurkure baki da ruwan gishiri, ya mai da dunƙulen ɗaya gefen leɓe, ya koma cikin kwalekwale.