Fam Biyar Ba Kwabo Ɗaya: Yini Guda a Unguwar Pekam

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi, to ni dai nawa mabuɗin na tsince shi ne a bakin tagar sayar da tikitin silima, a wata unguwa da ake kira Pekam a kudancin birnin Landan. Na san wata za ta riƙe haɓa ta ce, "Silima kuma? 'Yar mutunci?" Ki kwantar da hankalinki. Ni ma haka aka tarbiyyantar da ni, a gidanmu ko sunan Plaza ko Marhaba kika ambata sai kin sha harara. Amma a can silima wurin iyali ne, uwa da 'ya'yanta, kaka da jikokinta, da rana tsaka.

A watan Agusta na 2019 ne, bayan babbar sallah da 'yan kwanaki, na je wa yayata ziyara. Ta daɗe a unguwar, aikinta kula da tsofaffi, 'ya'yanta uku duk a nan ta haife su. Ranar da ta sami hutu sai ta ce in shirya mu fita da yaran, tunda makaranta na hutu kuma sun ishe ta da rigima a ɗaki.

Babban titin unguwar sunansa Rye Lane. Wallahi da muka shiga sai da na tsaya na waiga, don na zaci an ɗauko wani yanki na Sabon Gari an dire shi a Ingila. Ga doya an jibge, ga manja a jarka, ga busasshen kifi da attaruhu, ga mahauta masu naman halal suna kiran ciniki, ga shagunan kitso mata sun cika har bakin ƙofa. Yarabanci kuwa ko'ina yana tashi, shi ya sa ma ake yi wa wurin laƙabi da Ƙaramar Legas. A nan ɗan wasan nan John Boyega ya tashi, wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne, kafin duniya ta san shi a finafinan Star Wars.

Sai dai ba mu yi nisa ba na fara ganin wani abu daban. Tsakanin mai kifi da mai sayar da katin waya sai ki ga wani ɗan shago tsaf-tsaf, da fitilu masu ruwan zuma, samari da 'yan mata sun baje kwamfutoci suna kurɓar kofi. Yaya ta taɓa ni ta ce, "Kin ga wancan? Da nan nake sayen gari da egusi. An ƙara wa matar kuɗin haya ta kasa, ta tattara ta tafi."

Na ce, "To Yaya, ai gyara ne ya zo muku."

Ta yi wata 'yar dariya wadda ba ta kai ciki ba, ta ce, "Gyara kam ya zo. Amma ki tambaya, wa ake gyara wa?"

Ga yadda abin ya faru. Da can Pekam unguwar talakawa ce da baƙi, masu hali ba sa ko kallonta. A nan aka kashe yaron nan Damilola Taylor a shekarar 2000, yana ɗan shekara 10, abin da ya girgiza Ingila da Nijeriya baki ɗaya. To amma a ƙarshen 2012 aka haɗa tashar jirgin unguwar da sabon layin da ke zagaya Landan, zuwa wurin aiki ya zama da sauƙi. Matasa masu albashi mai kauri waɗanda hayar tsakiyar gari ta gagare su sai suka kwararo. Mai gida kuwa da ya ga mai biyan da yawa, ina zai tuna da tsohon ɗan haya? Kuɗin ɗaki ya tashi, na shago ya bi shi, kayan masarufi ma suka bi sahu.

Muna cikin wannan hira muka karya kwana, sai ga silimar, Peckhamplex. Kada ki sa ran ganin wani gini na alfarma. Asalinsa ma kantin Sainsbury's ne, a 1994 aka mai da shi silima mai ɗakunan kallo 6, yana manne da wani tsohon benen ajiye motoci. Kafet ɗinsa ya sha jiki, kujerun ma ba na gayu ba ne. Amma a wancan lokacin abin da aka san shi da shi a duk faɗin Landan shi ne kuɗin shiga, fam 4.99, wato fam biyar ba kwabo ɗaya, safe ko dare, ranar aiki ko ta hutu.

Bari in yi miki lissafi irin na 'yan makaranta, don a nan maganar take. Mu biyar ne, Yaya ta biya fam 24.95. A shekarar mafi ƙanƙantar ladan da doka ta yarda a biya babban ma'aikaci a Ingila shi ne fam 8.21 a awa. Kenan gumin awa uku da 'yan mintoci ya shigar da iyali guda. A can tsakiyar gari kuwa, a dandalin Lesta, babbar silimar Odeon da aka sake buɗewa a ƙarshen 2018 bayan gyara, kujerarta mafi tsada ta haura fam 40. Kin ga kuɗinmu mu biyar bai kai na mazaunin mutum ɗaya ba. Fim ɗin kuwa shi ne dai, zakin da ke ruri a can shi ke ruri a nan.

Na ce zaki ne saboda The Lion King muka kalla, wanda ya fito a wannan bazarar. Amma ni rabin hankalina yana kan jama'a. A gabanmu wata dattijuwa ce da ɗaurin ashoke da jikoki huɗu, tana raba musu cincin daga jaka a ɓoye. A gefenmu wani saurayi Bature da budurwarsa, irin masu shan kofin nan. A baya kuma 'yan mata ne sa'o'inku, wasu da hijabi wasu da kitson attach, sun haɗa kuɗi sun sayi gugguru kwali ɗaya suna zagayawa da shi. Da aka zo wurin mutuwar uban zaki, ɗakin ya yi tsit, sai shessheƙa kike ji ta ko'ina, har da ta saurayin nan. A duk yawon da na yi a unguwar, nan ne kaɗai na ga tsohon ɗan unguwa da sabon zuwa sun zauna kafaɗa da kafaɗa, kowa ya biya abu ɗaya.

Za ki ce ta yaya suke cin riba? Ai ba boyayyen abu ba ne. Kowace silima tana raba kuɗin tikiti ne da masu fim, kaso mai tsoka ya tafi can, ribar gaske tana wajen gugguru da lemo. To wasu sun zaɓi su sa kujerun alfarma su tsauwala kuɗi, mutum kaɗan su biya da yawa. Su kuwa waɗannan sun zaɓi a cika ɗaki, da kaɗan-kaɗan tulu ke cika. Kuma masu ita 'yan kasuwa ne masu zaman kansu, ba reshen wani babban kamfani ba.

Da muka fito Yaya ta nuna min saman benen motocin. Tun 2009 ake buɗe wurin shaƙatawa a rufinsa duk bazara, matasa na ta hawa suna ɗaukar hoto. Ta ce an taɓa sa ginin gaba ɗaya, har da silimar, cikin jerin wuraren da ƙaramar hukumar Southwark ke shirin rushewa a yi sababbin gine-gine. Mutanen unguwa suka tashi tsaye, aka yi ta sa hannu a takardun koke, har a 2017 hukuma ta janye ta tsawaita musu haya. Wasu ba su ci wannan sa'ar ba. A ƙaramar hukumar dai, an rushe rukunin gidajen Heygate mai gida fiye da 1,000 tsakanin 2011 da 2014, akasarin mazaunansa suka watse zuwa wasu unguwanni.

Allah sarki, ashe ita ma Yaya tana kan hanya. Bayan shekara biyu da zuwana mai gidanta ya yi ƙarin da ya fi ƙarfinta, ta kwashe yara suka koma wani gari a wajen Landan. A 2023 aka fito da wani fim na soyayya mai suna Rye Lane, labarin saurayi da budurwa da suka yini suna yawo a unguwar, har da silimar a ciki. Ta kira ni a waya muryarta na rawa, ta ce, "Ke, kin ga titinmu a fim, ya yi kyau kamar amarya. Mu ne dai ba ma ciki."

Tun daga lokacin tsadar rayuwa ta sa tikitin ya ɗan ɗaga daga fam 4.99. Yaya ta ce ba ƙarin ne damuwarta ba, kuɗin jirgin da zai kawo su huɗu ya ninka na kallon. Duk da haka kowane dogon hutu sai ta daure ta kai su sau ɗaya, su sayi doya, su gaisa da mai kitsonsu, su shiga kallo, don kada yaran su manta inda aka yanke cibiyarsu.

To 'yar'uwa, in kin ga an fara sayen tsofaffin gidajen layinku ana dasa filaza, ki yi murna da kwalta da fitila, ba laifi. Amma ki riƙa yin tambayar nan ta Yaya, ki kuma lura ko mai ƙosan bakin layi da mai kitsonku suna nan. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.