Idan Jarida Ta Zama ta Gari, Wa Ke Riƙe da Editanta?

A ranar 30 ga watan Yuni na shekarar 2020, 'yan jam'iyyar Republican a jihar Utah ta Amurka suka yi zaɓen fidda gwani na kujerar gwamna. Jon Huntsman, wanda ya mulki jihar daga 2005 zuwa 2009, ya kuma yi wa ƙasarsa jakadanci a Sin da Rasha, ya nemi komawa kan tsohuwar kujerarsa, amma mataimakin gwamna Spencer Cox ya kayar da shi da ɗan ƙaramin rata. Duk tsawon wannan takara, wakilan jaridar The Salt Lake Tribune suna bin ɗan takarar da tambayoyi, alhali shugaban kwamitin amintattun jaridar tasu shi ne Paul Huntsman, ƙanin Jon uwa ɗaya uba ɗaya. A watan Agusta sai babbar editar jaridar, Jennifer Napier-Pearce, ta ajiye aiki. Dalilin da ta bayar shi ne saɓanin ra'ayi tsakaninta da shugaban kwamitin kan yadda ake ɗauko labarai da yadda ake tafiyar da gidan.

Saɓani tsakanin edita da mai jarida tsohon labari ne a ko'ina. Abin da ya sa wannan ya fita daban shi ne a takarda Paul Huntsman ba shi ne mai jaridar ba. Ya saye ta a 2016, ya yi ta zuba kuɗinsa tana haɗiyewa, har a 2018 aka sallami kusan kashi ɗaya cikin uku na ma'aikatan ɗakin labarai. A ƙarshen 2019 hukumar tara haraji ta Amurka ta amince jaridar ta koma ƙungiyar da ba ta neman riba, ta zama tsohuwar jaridar babban birni ta farko a ƙasar da ta yi irin wannan rikiɗa gaba ɗayanta. Huntsman ya sallama mallakarsa, kuma wannan karamci ne da bai kamata a raina ba. Jaridar ta zama amanar jama'a a hannun kwamiti. Sai dai wanda ya bayar da kyautar shi ne ya hau kujerar shugaban kwamitin.

Matsi ne ya haifar da irin waɗannan jaridu. Shekaru aru-aru tallar 'yan kasuwar gari ce ke biyan albashin 'yan jarida a Amurka, daga mai sayar da mota zuwa mai neman ɗan haya. Da intanet ta zo, Google da Facebook suka kwashe mafi yawan wannan kuɗi. Daga 2005 zuwa yau ƙasar ta rasa fiye da kashi ɗaya cikin uku na jaridunta, kuma akwai gundumomi sama da 200 da ba su da ko kafa ɗaya mai kawo labarin yankin. Ganin haka ne wasu suka ce, tunda labarin gari ya daina zama haja mai riba, a riƙe shi kamar yadda ake riƙe ɗakin karatu ko asibitin taimako, wato da gudummawa. Voice of San Diego ta fara a 2005, MinnPost a 2007, Texas Tribune a 2009, yau kuma ana ƙirga su da ɗaruruwa.

Kafa irin wannan ba ta da masu hannun jari, don haka doka ta ɗora nauyinta a wuyan kwamiti. Duk wanda ya taɓa yi wa ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ko makarantar Islamiyya rajista a Nijeriya ya san kalmar amintattu, kuma aikin kusan iri ɗaya ne. Su ke amincewa da kasafin kuɗi, su ke ɗaukar shugaban gudanarwa, su kuma ke sallamarsa. Galibi ba a biyan su ko sisi. Doka na buƙatar su fifita maslahar ƙungiyar a kan tasu, kuma duk shekara ana cike wata takardar haraji mai lamba 990 da kowa zai iya dubawa ya ga sunayensu da albashin manyan ma'aikata. A madadin yafe haraji, an haramta wa ƙungiyar goyon bayan ɗan takara, shi ya sa Tribune ta daina tsohuwar al'adar jaridun Amurka ta faɗa wa masu karatu wanda ya fi cancanta a zaɓa.

To, su wa ake ɗorawa a kan waɗannan kujeru? Ana neman wanda idan ya ɗaga waya attajiri zai amsa, da lauyan da ya san hanyoyin kotu, da shugaban jami'a ko na gidauniya, da malamin addini ko jagoran unguwa da mutane ke jin maganarsa. Zaɓin yana da hujja. Sabuwar kafa ba ta da suna, sai ta ari na dattawan gari. Ranar da wani mai iko ya aiko da takardar barazanar kai ƙara, editan da ke da irin waɗannan mutane a bayansa ya fi wanda ke tsaye shi kaɗai samun barci.

Amma siffofin da suka sa aka zaɓe su, su ne kuma suka mai da su abin labari. Attajirin yana da kamfani mai neman kwangilar gwamnatin birni. Jami'ar tana da ƙorafin ɗalibai da take so a rufe. Jarida ta ƙasa baki ɗaya za ta iya samo amintattu daga nesa, waɗanda labaranta ba sa taɓa su sai jefi-jefi. Jaridar gari ba ta da wannan sarari, domin duk mutumin da ya isa a kira shi mai faɗa-a-ji a garin, to ya isa ya fito a shafin farko. A Utah lamarin ya fi tsanani, saboda a can hedikwatar cocin Mormon take, cocin ne ke da ɗaya babbar jaridar, Deseret News, ita kuwa Tribune tun farkon shekarun 1870 waɗanda suka saɓa da shugabannin cocin ne suka kafa ta. Kyautar Pulitzer da ta ci a 2017 ma a kan yadda jami'ar Brigham Young, mallakar cocin, ke mu'amala da ɗaliban da aka ci zarafinsu ne. Darajar jaridar gaba ɗaya ta rataya ne a kan cewa ba ta jin kunyar manyan gari.

Ba lallai ne wani ya ɗaga waya ya ce a cire labari ba, kuma da wuya mutanen kirki su yi hakan. Wanda ya san aikin ɗakin labarai ya san abin ya fi haka laushi. Wakili zai kawo shawarar bincike, edita ya tuna wanda zai zauna kusa da shi a taron kwamiti na wata mai zuwa, sai ya ce a ƙara tattara hujjoji tukuna. Labarin ba a kashe shi ba, an dai ajiye shi, kuma babu wata takarda da za ta nuna an yi katsalandan. Idan baki ya ci, ido kan ji kunya. Mai jarida na gargajiya aƙalla mutum ɗaya ne, kowa ya san inda zuciyarsa ta karkata. Kwamitin mutum goma sha biyu kuwa yana iya shimfiɗa wurare goma sha biyu da ba a takawa, dukkansu a ƙarƙashin sunan amanar jama'a.

Abin da ya biyo baya a Utah ya nuna fuskoki biyu. Napier-Pearce ta karɓi aikin kula da yaɗa labarai a ofishin sabon gwamna Cox, abin da ya ba masu zargin jaridar da karkata abin faɗa, ko da kuwa haƙƙinta ne ta nemi abincinta. Daga baya kuma aka gano Paul Huntsman ya kafa wani kamfani nasa mai suna Jittai, wanda ya riƙa neman takardun gwamnati kan kwangilolin gwajin cutar korona da jihar ta bayar. Neman takardun gwamnati haƙƙin kowane ɗan ƙasa ne, amma shugaban kwamitin jarida yana gudanar da bincikensa na gefe kan harkar da ta shafi gwamnatin mutumin da ya kayar da yayansa, wannan labari ne. Tribune ta buga shi a shafukanta. A nan ne tsarin ya nuna amfaninsa, domin ba kowace jaridar da ke hannun mutum ɗaya ba ce za ta yi wa mai gidanta haka.

Akwai dabarun da wasu suka bi don rage wannan haɗari. Texas Tribune tana rubutawa a ƙarshen labari idan wani kamfani ko jami'ar da aka ambata ya taɓa ba ta gudummawa, tana kuma wallafa jerin masu ba ta kuɗi. A Philadelphia, attajiri Gerry Lenfest ya bayar da jaridar Inquirer kyauta a 2016, amma sai ya yi gini mai hawa biyu: wata cibiya da ba ta neman riba ce ke mallakar jaridar, ita kuma jaridar ta ci gaba da zama kamfani mai kwamitinsa daban. Masu tara kuɗi suna ɗaki ɗaya, masu kula da edita suna wani. Wannan ya fi kyakkyawar niyya ƙarfi. Tambayar da ta fi cancanta a yi wa kowace irin wannan kafa ita ce wadda ta fi sauƙi: hannu nawa ake buƙata kafin a sallami edita, kuma an rubuta amsar a kundin tsarin ƙungiyar tun kafin rigima ta taso?

Sai dai duk waɗannan katangu an gina su ne don hana amintattu shiga ɗakin labarai. Ba su tanadi abin da za a yi ba idan amintattun suka juya baya. Houston Landing ta fara aiki a 2023 da jarin fiye da dala miliyan 20, mafi yawansa daga gidauniyoyi uku na birnin: Houston Endowment, Kinder Foundation da Arnold Ventures. Shugabar kwamitinta, Ann Stern, ita ce kuma shugabar ta farkon a wancan lokaci. A watan Janairun 2024 shugaban gudanarwa ya sallami babban edita Mizanur Rahman tare da 'yar jarida mai bincike Alex Stuckey, wadda tana cikin waɗanda suka ci wa Salt Lake Tribune waccan kyauta ta Pulitzer. Ma'aikata suka rubuta wa kwamitin takarda suna neman a mayar da su, amma ba a mayar ba. Kuɗin da ke shigowa daga masu karatu bai kai ko kusa da abin da ake kashewa ba, kuma da jarin farko ya fara ƙarewa ba a samo madadinsa ba. Kwamitin ya zauna ya yanke shawarar rufewa. A watan Mayun 2025 kafar ta daina aiki, ma'aikata 43 suka rasa abincinsu, a birni na huɗu mafi yawan jama'a a Amurka. Mutanen Houston, waɗanda aka ce kafar tasu ce, ba su da ƙuri'a a wannan zama.