Albasar da ba a ci



Ni ɗan manomin albasa ne. A Galmi aka haife ni, tsakanin Ƙonni da Madawa, kuma tun ban shiga makaranta ba na san yadda ake dasa iri, a kora ruwa cikin fangali, a jera amfani a rudu. Saboda haka ranar da wani dattijo Baturke, maƙwabcina a ƴan lambunan da ake ba iyalai haya a bayan birnin Lil, arewacin Faransa, ya zuba mini ƴan ƙwayoyi ashirin a tafin hannu, sai na yi murmushi a zuci. Kowace ba ta wuce kan babban yatsa ba, tana sanye da ɓawo mai kama da raga. Na ce a raina, wannan ai albasa ce da ba ta ƙoshi ba, me za a koya mini a kanta?

Fure ne da Faransawa ke kira iris, Larabawa su ce sausan. Irin da ya ba ni shi ne Iris reticulata, kuma ragar nan ta ɓawon ce ta jawo masa sunan. Asalinsa duwatsun Turkiyya ne da Kaukasus da arewacin Iraƙi da Iran, inda ƙanƙara ke rufe ƙasa da hunturu, sa'an nan zafi ya zo ƙasa ta bushe ƙamas. Dattijon ya faɗa mini wannan duka, amma kunnena kawai ya ji.

Na binne su cikin watan Oktoba. Da Fabrairu ta kama, ana tsakiyar sanyin da ko ciyawa ba ta motsi, sai ga su sun ɓullo: tsawonsu bai fi santimita 15 ba, shuɗi mai duhu kamar sabon turkudi, da ɗan zanen rawaya a kan kowane leɓe. Na daɗe tsugune a gabansu. Rabona da in ga abin da na shuka da hannuna ya fito tun ina gida.

Daga nan ne sanin albasa ya fara cutar da ni. Bayan fure ya faɗi, ganyen ya ci gaba da tsawo har ya ninka na da, ya kwanta birjik. A wurinmu ganyen albasa ba ya zama banza, yanke shi ake yi a daka a yi gabu, hannuna kuwa ya saba. Na sa wuƙa na share shi tas. Da zafi ya shigo na riƙa ba wurin ruwa safe da yamma, don a Galmi wanda ya hana shuka ruwa ba manomi ba ne. Shekara ta kewayo, ko ɗaya bai fito ba. Na tona na tarar da rabi sun ruɓe cikin laka, sauran sun farfashe sun koma ƴan mitsi-mitsi.

Kunya ta hana ni gaya wa dattijon har sai da shi ya tambaya. Ya ce, “Ɗana, ka kashe su da hidima.” Na ce, “Baba, a yi mini bayani daga farko, yanzu kam zan saurara.”

Ashe ganyen nan da na raina shi ne ke tara wa ƙwaya abincin baɗi, ba a taɓa shi sai ya yi rawaya ya bushe don kansa. Ƙwayar kuma barci take yi da zafi, kuma a busasshiyar ƙasa take so ta yi shi. Ƙasar wajenmu mai nauyi ce, tana riƙe ruwa, dole a gauraya ta da yashi da ƙananan tsakuwa, ko kuwa a shuka a tukunya mai huda a gindi. A zurfafa rami ya kai santimita 10, tsinin yana kallon sama, domin wadda aka binne sama-sama ta fi saurin farfashewa, ƴaƴan kuwa sai sun yi shekaru kafin su yi fure. Wurin ya zama mai samun rana. Duk ƙwayar da aka gani da baƙin tabo kamar an ɗiga mata tawada, cuta ce, a fitar da ita kada ta shafi sauran. Sai kuma dodon-koɗi, wanda ke iya cinye fure a dare guda.

Akwai wata magana da nake so iyaye mata su riƙe: wannan albasa ba a cin ta, tana da guba mai ɓata ciki. Maiɗakina ta taɓa tsintar su cikin leda a kicin, saura kaɗan su faɗa miya. Tun daga ranar, a ɗakin ajiya suke kwana, da rubutu a jiki.

Daga baya na ƙara da doguwar nan ta masu sayar da fure, wadda aka samar a Holand ta hanyar haɗa irin Sifen da na Maroko. Ita sai Mayu zuwa Yuni take buɗewa. Kyakkyawa ce, amma ban ɗauke ta kamar ƙaramar ba, don lokacin da take zuwa lambu ya riga ya cika. Wani ɗan'uwa ya roƙe ni in aika masa da iri zuwa Maraɗi, na ba shi haƙuri. Sai ƙwayar ta sha sanyi na makonni masu yawa a cikin ƙasa take yin fure, sanyin hunturunmu kuwa bai kai ba.

A Fabrairun da ta wuce, ranar wata Asabar bayan sallar asuba, na tafi lambun da ƙaramar ɗiyata, wadda ita ta jera ƙwayoyin da hannunta tun kaka, ta kuma dame ni da tambaya wata huɗu cur. Ta ƙirga fure talatin da ɗaya, ta sake ƙirgawa. Muka ɗauki hoto muka aika wa mahaifiyata a Galmi. Da yamma ta kira, ta sa wa jikarta albarka, sa'an nan ta ce da ni, “To, ita wannan albasar taku, nawa ake sayar da buhunta?”